Yadda ake kiwon karen Labrador a Kanya Babba

Kafin ka kai kuɗinka Kano ka sayo kwikwiyon Labrador, fara tantance aikin da za ka ba shi. Asalinsa karnukan masunta ne na Newfoundland a Kanada, waɗanda Turawan Ingila suka inganta a ƙarni na 19 domin su riƙa ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, ko da cikin ruwa ya faɗa. Shi ya sa yake da sanyin hali, yana son mutane, yana kuma riƙe abu a baki ba tare da ya tauna ba. Mai neman karen gadi ya haƙura da shi, don baƙo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. Amma mafaraucin fakara da zabin daji, ko mai bin tafkuna bayan damina, zai same shi abokin aiki na gaske, matuƙar ya ɗauki nauyinsa.

Ka karɓo shi yana da mako 8, ba kafin nan ba, ka wuce da shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki. Idan ya cika wata 3 a yi masa allurar riga-kafin haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin cutar idan alamunta suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, kuma yara ne suka fi wasa da kare.

Babban abokin gabansa a nan Kanya Babba, ƙasar Babura, shi ne zafi. Gashinsa ninki biyu ne, an yi shi don ruwan sanyi, ga shi kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai ka kafa masa rumfa mai shan iska, ka ajiye kaskon ruwa da ba ya yankewa, ka fita da shi da sassafe ko gab da magariba, domin rairayin rana na ƙona masa tafin ƙafa. Duk dare ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka cire kaska. Abinci kuwa a auna masa sau biyu a rana, da nama ko kifi a ciki, ban da albasa da dafaffen ƙashin kaza. Makwaɗaici ne ƙwarai; babbansa bai kamata ya wuce kilo 36 ba.

Wani zai ce ai kare najasa ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta, kiwo da tsaron gona. Abin da aka hana shi ne ajiye shi don ado kawai. Ka ware masa kwanonsa, ka yi masa wuri a wajen ɗakunan kwana. Wani kuma zai ce karenmu na gida ya fi shi jure rana da yunwa. Gaskiya ne, kuma ga mai bin zomo a guje na gida ya fi. Fifikon Labrador a ɗauko yake, sai dai shi ma sai an koya masa. Ka ƙulla tsumma ka jefa kusa, ka ce "kawo", idan ya kawo ka shafa kansa ka ba shi ɗan nama. Minti 10 sun isa a zama ɗaya. Kada ka doke shi, domin karen da ya tsorata da hannunka ba zai miƙo maka tsuntsu ba. Idan ya ƙware da tsumma, sai ka ɗaura gashin zabo a jikin tsumman, daga nan ku koma bakin ruwa.