Mai Albarka Irimiya, Baƙon da Ya Yi Jinya Shekara 40

Da zarar an kawar da amfanin gona, samarinmu na Ikara, Makarfi da Kudan sukan tafi cin rani Kano ko Legas. Iyaye kuwa su zauna da zullumi: anya yaron zai riƙe bangaskiyarsa a can? Bari mu dubi wani ɗan manoma da ya yi irin wannan tafiya.

An haife shi a shekarar 1556 a yankin Moldabiya, cikin mutanen Romaniya. Mahaifiyarsa takan gaya masa cewa Italiya ƙasa ce ta Kiristocin kirki. Tun yana saurayi ya kama hanya, amma abin da ya tarar a garin Bari ya karya masa zuciya, har ya yi niyyar komawa gida. Sai ya zarce Napoli, inda ya shiga ƙungiyar Kapucin a 1578, aka raɗa masa suna Irimiya.

Ba a naɗa shi firist ba. Daga 1585 aikinsa jinya ne: wanke miki, ciyar da marasa ƙarfi, kwana a gefen masu baƙin mutuwa, shekara 40 cur. Mu firistoci, da muka fi shi karatu, mukan ji kunya in mun tuna da wannan.

Ya rasu ran 5 ga Maris 1625, bayan ya tafi gaida wani majinyaci cikin tsananin sanyi. Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya ambace shi Mai Albarka a 1983. Sai a 2008 aka mayar da ƙasusuwansa Romaniya.