Sabuwar Dikoda: Abin da Take Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta a Mafara

 Duk shekara idan watan Agusta ya kama, aka fara shirin buɗe gasar Firimiya ta Ingila, zancen dikoda kan dawo sabo a ɗakunan kwananmu. Wasu su ce a haɗa kuɗi a sayi sabuwar nan da ake talla, mai naɗar shiri, mai tsayar da wasa, mai hawa intanet. Wasu kuma tunaninsu su buɗe ɗan gidan kallo a Bakura ko Maradun don samun na kashewa. Ni ɗalibin sashen injiniyan lantarki ne, kuma nakan bi wani maigidana aikin ɗaura dish lokacin hutu, shi ya sa ake yawan tare ni da tambayar nan: "Wai sabuwar nan ta ci kuɗinta kuwa?"

Amsata a taƙaice ita ce, dikoda tukunya ce, murhunta duwatsu uku: sigina, wuta, da kuɗi. Yawancin abubuwan da ake yi mata kirari da su a jikin kwali, ba sa aiki sai duwatsun nan sun zauna daidai. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma mu fara da sanin ita kanta na'urar.

Mece ce dikoda?

A da, talabijin kan kama NTA da eriya kawai, hoto yana yayyafi amma ana gani. Wannan shi ne tsarin analog. A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a birnin Janiba cewa za a koma tsarin dijital, aka sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi. Nijeriya ba ta cimma wa'adin ba. Sai a ranar 30 ga Afrilun 2016 aka ƙaddamar da shirin a Jos da akwatin FreeTV, Kaduna ta samu a 2017, Kano kuma a 2021. A tsarin dijital hoto da sauti kan zo ne a matse cikin lambobi, tashoshin kuɗi kuma a kulle. Aikin dikoda shi ne ta karɓi lambobin, ta buɗe kullen idan ka biya, ta mayar da su hoton da talabijin zai nuna.

Mukan ce "kebul", amma a ƙasar nan ba wayar da ake jawowa daga kamfani zuwa gida kamar yadda ake yi a Amurka. Hanya biyu ce muke da ita. Ta farko ita ce ta eriya, wadda ke kamowa daga hasumiyar da ke ƙasa, kamar GOtv da ya fara a Nijeriya a 2011, da StarTimes da ya shigo a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA. Ta biyu ita ce ta dish, mai kamowa daga tauraron ɗan Adam, kamar DStv da ya fara tun 1995. StarTimes ma yana da nasa na dish. Sai kuma risibar kyauta da ta cika gidajenmu, wadda ba a biyan ko kwabo a wata.

Abubuwan da sabuwar ta zo da su

Na farko shi ne kyawun hoto. Tsohon hoto ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Cikakken HD kuwa 1920 ne da 1080, wato ya ninka tsohon sau biyar. Shi ya sa kake iya karanta lambar rigar ɗan wasa daga bayan ɗaki.

Na biyu naɗar shiri. Manyan dikodoji irin su Explora, wadda DStv ya fito da ita a 2013, suna da ma'adana a ciki irin ta kwamfuta. Kana iya sa ta naɗe maka wasa alhali kana ɗakin lacca, ko ka tsayar da shirin da ake yi kai tsaye, ka je ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya, ko ka mayar baya ka sake kallon ƙwallon da aka ci.

Na uku jadawalin shirye-shirye na kwanaki masu zuwa, da tunatarwa, da lambar sirri ta kulle tashoshin da ba su dace da yara ba. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika kula da shi ba, alhali ga mai ƙanne a gida ya fi sauran amfani.

Na huɗu intanet. Explora Ultra da ta fito a 2020 tana da Wi-Fi a jikinta, ana iya buɗe manhajoji irin su Netflix a kanta, tana kuma iya nuna hoton 4K. To, duk wannan gaskiya ne. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dutse na farko: sigina

Idan ta eriya za ka saya, ka sani siginar ƙasa ba ta da nisan zango. Kilomita gommai take kaiwa daga hasumiya, kuma tudu da dogayen itatuwa suna tare ta. Dikodar da ke kawo tashoshi tar a tsakiyar Gusau ko Sakkwato ba dole ba ne ta kama a ƙauyen Maradun. Na taɓa zuwa wani gida a yankin Bakura inda ɗansu ya sayo irin wannan daga birni da murna. Muka ɗaure eriya a kan doguwar gora, muka juya gabas muka juya yamma, ko alama. Na'urar lafiyarta lau, wurin ne bai dace da ita ba. Kafin ka ba da kuɗinka, ka nemi wanda ke amfani da irinta a unguwarku ka gani da idonka.

Ta dish ba ta da wannan matsalar, domin tauraron yana can sama da nisan kilomita kusan 35,786, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a ganinmu. Abin lura shi ne kowane kamfani da taurarinsa. DStv a nan Nijeriya yana kan digiri 36 gabas, don haka daga Mafara dish ɗinsa kudu maso gabas yake kallo. Na StarTimes yana digiri 5 gabas, kusan kudu sak. Nilesat, inda ake samun tashoshin Larabawa na kyauta, yana digiri 7 yamma. Ka ga ke nan sauya kamfani ba sauya dikoda kaɗai ba ne, sai an sake saita dish.

Akwai kuma LNB, ɗan kan nan da ke gaban dish yana tattara sigina. Dikodar da ke naɗar wani shiri kana kallon wani tana buƙatar LNB na musamman. Idan ka haɗa ta da tsohon mai baki ɗaya, wasu ayyukanta ba za su yi ba. Mai shago ba koyaushe yake faɗa maka wannan ba sai ka tambaya.

Sai ruwan sama. Siginar dish tana zuwa ne a zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwa yana shanye irin wannan zangon. Shi ya sa da hadari ya haɗu a Yuli ko Agusta hoto ke farfashewa ya ɗauke. Babu wata dikoda, komai tsadarta, da ta yi maganin wannan. Abin da ke ragewa shi ne dish mai faɗi, misali santimita 90 maimakon 60, da saiti mai kyau. Idan ana saita maka, ka duba layi biyu da ke fitowa a allo: ƙarfin sigina da ingancinta. Ingancin shi ne abin dubawa. Ƙarfi yana iya cika alhali dish ɗin ba ya kallon tauraron da ake nema. Sannan a ɗaure shi da kyau, don iskar farkon damina tana gusar da shi, kuma ɗan gusawa kaɗan ya isa.

Dutse na biyu: wuta

Naɗar shiri tana buƙatar wuta daga farkon shirin zuwa ƙarshe. Idan aka ɗauke ana tsakiya, abin da za ka tarar rabi ne. Yawan ɗaukewa bagatatan kuma yana gajiyar da ma'adanar da ke ciki, domin faifai ne mai juyawa. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, shi ma abokin gabarta ne. Kada a rufe dikoda da kyalle don gudun ƙura, kada a ɗora ta a kan wata na'ura mai zafi. A goge ta, a bar mata iska.

Ga masu sola ko inbata, ga ɗan lissafi. A ce talabijin ɗinka yana cin wat 50, dikoda 20, jimla 70. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya. Batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 600. Raba 600 da 70, ka samu awa takwas da ɗoriya. Cire asarar inbata, ka ce awa bakwai. Ka ƙara fanka biyu da sifika kamar na gidan kallo, lissafin ya sauya nan take. Ka duba jikin kowace na'ura, an rubuta abin da take ci, ka yi naka lissafin kafin ka saya.

Wani abin kuma, tsawa. Wayar dish tana jawo ta har cikin ɗaki. Idan hadari ya taso da walƙiya, a zare wayar dish da ta wuta duka, kashewa da rimot bai isa ba.

Dutse na uku: kuɗi

Kuɗin sayen dikoda shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Akwai kuɗin wata, kuma manyan wasanni suna cikin tsare-tsare masu tsada. A wasu kamfanonin, naɗar shiri ma tana da ƙarin kuɗinta daban. Abin da ka naɗa a kulle yake a cikin na'urar, ba za ka kwafe shi a filas ka kai wa aboki ba. Dikodar wani kamfani kuma ba ta buɗe tashoshin wani. Netflix da ke jikinta shi ma sai ka biya nasa.

Sai data. Kallon HD ta intanet yana iya cin gigabait 3 a awa, 4K kuwa har 7. Fim ɗaya mai awa biyu a HD, gigabait 6 ke nan sun tafi. Ɗalibin da ke tattalin data don aikin furojet ya san ma'anar wannan. Kuma ba kuɗin kaɗai ba, sai sabis ya yi ƙarfi ya tsaya. Mu a Zamfara mun ga darasi a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira babu intanet. Tashoshin dish sun ci gaba da zuwa, don daga sama suke saukowa. Amma duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya cik, har biyan kuɗin wata ta waya ya zama aiki.

Hoton ma yana da sharaɗi. Idan talabijin ɗinka tsoho ne, ko ka haɗa da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, HD ba zai fito ba ko da ka biya. Sai da wayar HDMI da talabijin mai ɗaukarsa. 4K kuwa ɗigo 3840 ne da 2160, sai talabijin na musamman, kuma tashoshin da ke watsa shi ƙalilan ne.

Mai niyyar buɗe gidan kallo ya ƙara da wannan: biyan gida daban, biyan kasuwanci daban. Amfani da na gida a tara jama'a a karɓi kuɗi ya saɓa wa yarjejeniyar da ka shiga.

To, wace za a saya?

Idan ku 'yan ɗaki ne da kuka haɗa kuɗi don ƙwallon ƙarshen mako, ƙaramar dikodar HD ta dish ta ishe ku. Rarar kuɗin ku sa a dish mai faɗi da waya mai kyau da biyan wata biyu ko uku. Ku kuma rubuta tun farko wa zai riƙe ta idan an yi hutu, da wanda za ta koma wa idan an gama karatu, don abin haɗaka shi ya fi kawo rigima. Idan gida za ka saya wa iyaye, kuma abin da suke so labarai ne da wa'azi da shirye-shiryen Hausa, risibar kyauta tana iya wadatarwa ba tare da ɗora musu nauyin wata-wata ba. Babbar mai naɗa da intanet ta dace da wanda ke da tsayayyiyar wuta, da sabis mai ƙarfi, da aljihun da zai jure.

Kafin ka bar shago, ka yi tambaya huɗu: me ke cikin kwalin, kuma me zan saya daban? Nawa ne kuɗin wata na tsarin da ke da tashoshin da nake so? Wanne aiki ne ba ya yi sai da intanet ko ƙarin kuɗi? Idan ta lalace ina zan kai ta? Ka karɓi rasit, ka tabbatar an yi rajista da sunanka da lambar wayarka, ba ta mai shago ba. Wanda zai sayi ta hannu kuma ya fara bincika ko akwai bashi a kanta.

Ga 'yan sashenmu na lantarki da na kwamfuta, akwai sana'a a nan. Abin da muke karantawa a aji game da zango da sigina, shi ne mai ɗaura dish ke yi a kan rufi, kuma daga Mafara zuwa Bakura da Maradun gidaje da yawa suna neman wanda ya iya saiti kuma yake faɗin gaskiya. Ɗan mita na gwada sigina da sifana da haƙurin koyo sun isa a fara. Mai tambaya ya aiko ta ofishin ƙungiya, za mu amsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.