Me Ya Sa Aka Fara Duba Wanda Ya Zo Bayanku?

Kun rufe shago a Nima ko Kokomlemle tun da sassafe, kun zauna a sashen gaggawa na asibiti, sai ga wani ya zo bayanku an wuce da shi ciki. Kafin ku ce son kai ne, ku sani akwai lissafin da ake bi.

Ma'aikaciyar jinya tana auna numfashin majinyaci da bugun zuciyarsa da hawan jini da zafin jiki. Tana duba ko yana iya tafiya da ƙafarsa, ko yana cikin hayyacinsa, ko ya ji rauni. Kowane awo da makinsa, sai a haɗa jimla. A tsarin da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, wanda asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya ɗauka, maki 7 zuwa sama ja ne, a duba shi nan take. Maki 5 ko 6 ruwan goro, cikin minti 10. Maki 3 ko 4 rawaya, cikin awa guda. Wanda bai kai haka ba kore ne, yana iya jiran awa 4.

Sai dai lissafi bai san abin da aka ɓoye masa ba. Ciwon ƙirji ko aman jini yana matsar da majinyaci gaba ko da makinsa kaɗan ne. Iyaye mata, kada kunya ta hana ku faɗin juna biyu ko zubar jini. In kuma jikin yaro ya rikice kuna kan benci, numfashi ya yi masa wuya ko ya soma suma, ku tashi ku nemi a sake auna shi.