Boyka ɗan Rasha ne ko ɗan Bulgeriya?

Tambaya: Muna musu a majalisarmu kan fina-finan Boyka, ɗan damben gidan yari. Ni na ce na Rasha ne, wani abokina ya ce a Bulgeriya aka yi su. Wa ya fi gaskiya? Kuma 'yan Bulgeriya suna da nasu fim ɗin gidan yari? Daga wani mai karatu a Suleja, Jihar Neja.

Amsa: Malam, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma bai cinye musun duka ba. A labari, Yuri Boyka fursuna ne ɗan Rasha. Wanda ya fito a matsayinsa kuwa, Scott Adkins, Baturen Ingila ne. Kuɗin fim na kamfanin Amurka ne, Nu Image. Ƙasar da aka kafa kyamara a cikinta ita ce Bulgeriya.

Fim na farko, Undisputed na 2002, babu Boyka a ciki sam. Wesley Snipes da Ving Rhames ne ke dambe a wani gidan yarin Amurka. Sai a na biyu, na 2006, wanda Isaac Florentine ya ba da umarni, Boyka ya bayyana, kuma a matsayin bos ya zo. Jarumin shi ne Michael Jai White, a matsayin ɗan damben da aka ƙulla wa sharrin ƙwaya a Rasha aka jefa shi kurkuku, shi ne kuma ya karya wa Boyka gwiwa a faɗan ƙarshe. Masu kallo suka ƙi bin jarumi, suka bi bos. Shi ya sa a na uku, na 2010, aka damƙa masa fim ɗin kacokan, yana jan ƙafa yana goge makewayi kafin a kai shi gasar fursunoni a Jojiya.

Me ya kai su Bulgeriya? Sauƙin kuɗi ne kan gaba. A gefen Sofiya, babban birnin ƙasar, akwai masana'antar fim ta Boyana wadda gwamnatin gurguzu ta buɗe a 1962. Da mulkin gurguzu ya faɗi a 1989 aiki ya ja baya, har a tsakiyar shekarun 2000 Nu Image ya saye wurin, aka koma kiransa Nu Boyana. Suka tarar da ma'aikata ƙwararru da ladansu bai kai na Amurka ba, ga manyan gine-ginen kankare na zamanin gurguzu, ga sanyi da ƙanƙara. Ga kuma wata garaɓasa: Bulgeriya da Rasha haruffa iri ɗaya suke rubutu da su, harsunan ma 'yan uwa ne. Rubutun jikin bango da lafazin gandiroba duk sai su wuce a matsayin na Rasha a idon wanda ke kallo daga Suleja ko daga Landan. In ka sake kallon na uku, ka lura da shugaban gidan yarin. Hristo Shopov ne, ɗan Bulgeriya, wanda ya fito a matsayin Bilatus a The Passion of the Christ na 2004. Na huɗu ma, wanda aka fara nunawa a 2016, ɗan ƙasar ne ya ba da umarninsa, Todor Chapkanov.

Karɓuwar waɗannan fina-finai ba ta biyo ta manyan silimomi ba. A Amurka kai tsaye faifai aka saka na biyu da na uku. Faifan ne ya yi tafiya, daga baya masu tura fim a waya suka ƙarasa aikin, har sunan Boyka ya zama laƙabin da samari ke sa wa mai ƙarfin unguwa. Ni dai ina ganin dalilin a fili yake: ana barin kyamara ta nuna bugun gaba ɗayansa ba a yayyanka shi ba, kuma Adkins da kansa yake yawancin tsallen nan. Ba sai ka ji Turanci za ka gane wa ke cin wa ba.

Kada dai a ɗauki abin da ke ciki a matsayin hoton kurkuku na gaske. Ku da kuke Suleja kun san a watan Afrilun 2024 ruwan sama ne ya rusa katangar tsohon gidan yarinku, fursunoni fiye da 100 suka fice. Ruɓaɓɓen gini da cunkoso da masu jiran shari'a, su ne ainihin labarin, kuma ba su ne ke sayar da faifai ba.

Sai rabin tambayarka na biyu. E, suna da nasu, kuma wanda ya fi fice a waje shi ne Zift na 2008. Javor Gardev, wanda ya yi suna a wasan daɓe, shi ya ba da umarni, daga littafin Vladislav Todorov. Baƙi da fari ne, da harshen Bulgeriya. Zahary Baharov ya fito a matsayin mutumin da aka ɗaure kan kisan da bai yi ba, gab da 'yan gurguzu su karɓi mulki a 1944. Aka sake shi a shekarun 1960, ya tarar tsohon abokin satarsa ya zama babban jami'i, yana kuma neman wani lu'ulu'u da ya ɓace ranar fashin. Aka azabtar da shi, aka shayar da shi guba, ya kwana yana yawo a Sofiya da mutuwa a cikinsa. Gidan yarin tuna shi ake yi jefi-jefi, amma fim ɗin na nuna cewa wajen ma bai fi cikin 'yanci ba.

Gardev ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Mosko a 2008, Bulgeriya kuma ta tura fim ɗin gasar Oscar, sai dai bai shiga sahun ƙarshe ba. Masu sharhi sun yaba hoton, wasu sun koka da yawan batsa da ƙazantar zance. Wannan kukan gaskiya ne, don haka in ka same shi kada ka kunna a gaban yara, kuma kada ka zauna jiran dambe.