Hoton Gudanar Jini a Tsokar Zuciya: Nazarin Gwajin da Kalmomin Bayyana Shi a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bayyana yadda ake auna gudanar jini a tsokar zuciya ta hanyar hoton nukiliya, sannan ta nuna cewa rashin dacewar kalma wajen yi wa majiyyaci bayani kan iya ɓata sakamakon gwajin.

1.0 Gabatarwa

Zuciya tsoka ce, kuma manyan jijiyoyin jini biyu ne suke ciyar da ita, ta dama da ta hagu. Idan kitse ya taru a bangonsu, hanyar jini takan ƙuntata. Galibi jinin da yake wucewa yakan wadatar muddin mutum yana zaune, sai ya motsa jiki ƙarancin yake bayyana. A kan wannan bambanci aka gina gwajin.

2.0 Yadda Ake Gwajin

Akan yi wa majiyyaci allurar sinadari mai fitar da tururin gamma. Wanda aka fi amfani da shi shi ne teknitiyam-99m, wanda ƙarfinsa yake raguwa da rabi duk bayan kimanin awa 6. Akwai kuma taliyam-201, mai kimanin awa 73. Tsokar zuciya tana zuƙar sinadarin gwargwadon jinin da ya isa gare ta, sai kyamara ta kewaya ƙirji ta ɗauki tururin, kwamfuta ta harhaɗa hoton.

Sau biyu ake ɗaukar hoton: lokacin hutu, da kuma bayan an sa zuciya aiki, ko dai ta tafiya a kan injin motsa jiki, ko ta allurar magani mai buɗe jijiyoyi, kamar adenosin. Sashen da ya dushe bayan aiki amma ya cika lokacin hutu yana nuna ƙarancin jini. Wanda ya dushe a hotunan biyu kuwa yakan nuna tabon tsokar da ta riga ta mutu. Masu alamu irin su ciwon ƙirji ake yi wa gwajin, ba kowane lafiyayye ba.

3.0 Matsalar Kalmomi

Kalmar “jijiya” ta haɗa hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa, don haka wajibi ne a ce “jijiyar jinin zuciya”. “Ciwon zuciya” kuma a bakin Bahaushe yakan nufi baƙin ciki. Ita kuwa “nukiliya”, an fi jin ta tare da “makami”, shi ya sa ya kamata a bayyana cewa sinadarin kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa a jiki.

Mafi muhimmanci shi ne batun kafeyin. Wannan sinadari yana toshe aikin adenosin, ta yadda jijiyoyi ba za su buɗe sosai ba, hoto ya nuna lafiya alhali akwai cuta. Saboda haka akan hana shan sa aƙalla awa 12 kafin gwaji. To, idan tafinta ya ce “kada ka sha kofi” ya tsaya nan, bai isar da saƙo ba, domin akwai kafeyin a shayi da goro, kuma Bahaushe cin goro yake yi, ba shan sa ba.

4.0 Kammalawa

Bayanin da ya dace shi ne: “Kada a sha kofi ko shayi, kada a ci goro.” Akwai buƙatar masana Hausa su haɗa kai da likitoci wajen daidaita irin waɗannan bayanai bisa abin da jama’a suke ci da sha.