Darasi a Kan Barcin Mai Ciwon Sukari

Mai ciwon sukari da ke karɓar allurar insulin ya fi shiga hatsari da dare, gama da rana akwai idanu a kansa, da dare kuwa kowa ya yi barci. Wannan darasi domin masu ciwon ne, da waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da su, a Gwandu da Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye.

Insulin wani ruwa ne da jiki ke yi domin ya shigar da sukarin abinci cikin tsoka. Wanda jikinsa ya daina yi, dole a ba shi daga waje. A 1921 aka gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa, ya rayu. Kafin wannan, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa.

Akwai wata na'ura da ake kira famfon insulin. Girmanta bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Siririn tiyo ya fito daga cikinta zuwa wani ɗan tsinke mai laushi da ake sa wa ƙarƙashin fatar ciki, a manne da filasta, a canja shi bayan kwana 2 ko 3. Dare da rana tana ɗiga insulin kaɗan kaɗan. Likitocin asibitin Guy's a Landan suna cikin waɗanda suka fara gwada ta a 1978, tun 2016 kuma akwai irin da ke auna sukari ta rage ko ta ƙara magani da kanta. A ƙasarmu masu ita kaɗan ne ƙwarai, saboda tsadarta da tsadar kayan canjinta. Amma tana iya zuwa gidanmu jikin ɗalibi ko baƙo, ya kamata mu san yadda ake kwana da ita.

Ba a cire ta domin barci. Insulin da ke cikinta mai saurin aiki ne, mai saurin ƙarewa kuma. In tiyon ya tsinke ko ya lanƙwashe, cikin 'yan sa'o'i sukari zai hau, amai da ciwon ciki su biyo baya. A ɗinka ɗan aljihu a cikin rigar barci ko a bakin zane a sa ta ciki, ko a ajiye ta kan shimfiɗa kusa da ƙugu, ta bi mutum in ya juya. Kada a rataye ta jikin gidan sauro, gama wanda ya tashi fitsari cikin magagi zai fizge ta. Mai kwana rubda ciki ya roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna masa wani wurin sa tsinken, a gefe ko a cinya. Da bazara gumi yakan saki filasta, saboda haka a shafa a ji kafin a kwanta. Sirinji da kwalbar insulin kuma su kasance a ɗakin, domin batir yakan mutu.

To, mu koma ga abin da ya shafi yawancinmu, watau allura. Da yawa a nan gaurayen insulin suke karɓa, sau biyu a rana, safe da yamma. Rabon da ke aiki a hankali cikin allurar yamma yakan kai ƙarfinsa bayan sa'a 4 zuwa 8, watau tsakar dare. In mutum ya yi allura bai ci tuwon kirki ba, ko ya wuni yana huɗa, ko ban ruwan albasa, ko dashen shinkafa a fadama, sukarinsa na iya faɗuwa yana barci. Tsokar da ta sha aiki da rana tana ci gaba da jan sukari daga jini har cikin dare. Manomi ya riƙe wannan: daren ranar aiki mai tsanani ya fi sauran darare hatsari.

Alamun su ne gumi mai jiƙa shimfiɗa ko da sanyi ake yi, da rawar jiki, da mugun mafarki, da sambatu, da tashi da ciwon kai. Wani yakan yi faɗa, wani ya yi ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. A nan ne mukan yi hasara. Sai a ce iska ce ta buge shi, a kawo garwashi da turare, a tsaya jiran asuba, alhali abin da ƙwaƙwalwarsa ke nema yana cikin gwangwanin mai shayi. In yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari 3 ko 4, ko babban cokali ɗaya na zuma. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara. In ya farfaɗo a ba shi abinci mai riƙe ciki, kamar fura marar sukari ko sauran tuwo. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa kome, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota ko babur mai ƙafa uku zuwa asibitin Gwandu, ko na Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a gaya musu tun daga ƙofa cewa mai karɓar insulin ne.

Wanda ke da abin awo ya auna kafin ya kwanta. Ƙasa da 70, ko 3.9 a irin na'urar da ke ƙidaya da ƙananan lambobi, sukari ya faɗi ke nan, sai a yi magani nan take. In yana kusa da haka, a ci wani abu tukuna. In abin ya maimaitu dare biyu ko uku, a koma wurin likita ya duba yawan allurar yamma; kada a daina ta da ka. Sukarin da za a ajiye a kan gado a sa shi cikin gwangwani mai murfi, in ba haka ba kiyashi zai riga mai shi. Yaro mai ciwon kuma kada a bar shi ya kwana a zaure shi kaɗai, ko cikin tsaransa da ba su san kome ba.

Saura ajiyar maganin. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40, wuta kuwa ba ta da tabbas. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, amma ban da wurin ƙanƙara, gama insulin da ya daskare ya lalace. Wadda ake amfani da ita tana iya yin mako 4 a wuri mai sanyi. Wani bincike da aka buga a 2021, bisa zafin sansanin gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako 4 cikin zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Inda ba firji, a yi dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a bisa. A sa kwalbar cikin leda ko roba mai murfi domin kada ruwa ya taɓa bakinta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa jiƙa rairayin safe da yamma.