Yadda Ake Bibiyar Lafiya Bayan Jinyar Ciwon Dajin Mafitsara

Ciwon dajin mafitsara yana cikin cututtukan dajin da suka fi yawan dawowa bayan magani. Fatar da ta lulluɓe cikin mafitsara iri ɗaya ce da ta bututan da ke kawo fitsari daga ƙoda, don haka ko an kankare tsiron tas, wani na iya ɓullowa a wani gurbi, galibi ba tare da zafi ba. Saboda haka jin sauƙi ba ya nufin an gama da asibiti. Bibiya wani ɓangare ne na jinyar kanta.

Mataki na 1: Sanin irin cutar

Kafin sallama, majinyaci ko mai jinyarsa ya nemi sakamakon gwajin tsokar da aka cire. Shi ke nuna ko cutar ta tsaya a fatar ciki ko ta kutsa cikin naman mafitsara, da kuma ko mai saurin yaɗuwa ce. A kansa likita ke tsara ranakun dawowa. A adana shi tare da katin asibiti da hotuna a jaka ɗaya.

Mataki na 2: Leƙen mafitsara

Wannan ne ginshiƙin bibiya. Likita yana zura siririn bututu mai kyamara ta mafitar fitsari, bayan an sa maganin kashe zafi, ya duba cikin mafitsara da idonsa. Aikin mintuna kaɗan ne, a ranar ake komawa gida. Leƙen farko ana yin sa wata 3 bayan tiyata. Idan cutar mai ƙarancin haɗari ce, ana maimaitawa idan an cika shekara da yin tiyatar, sannan sau ɗaya duk shekara har shekara 5. Idan mai haɗari ce, ana yi duk wata 3 na tsawon shekara 2, sai duk wata 6 har shekara ta 5, daga nan sau ɗaya a shekara muddin rai. Irin wannan majinyaci akan haɗa masa da gwajin ƙwayoyin fitsari da hoton CT na ƙoda da bututanta. Hoton ciki na yau da kullum ba ya maye gurbin leƙe, domin ƙaramin tsiro yakan ɓuya masa.

Mataki na 3: Kammala maganin cikin mafitsara

Wasu ana zuba musu wani magani mai suna BCG kai tsaye cikin mafitsara, sau ɗaya a mako har mako 6, sannan a riƙa ƙarawa lokaci-lokaci tsawon shekara 1 zuwa 3. Ana riƙe maganin kimanin awa 2 kafin a yi fitsari. Raɗaɗi da yawan fitsari na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma zazzaɓi mai zafi, ko wanda ya haura kwana 2, dalili ne na garzayawa asibiti, kada a ɗauka na cizon sauro ne.

Mataki na 4: Lura da alamomi

Ba a jiran ranar ganin likita idan aka ga jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne, ko fitsari ya ƙi fita, ko aka ji ciwon kwiɓi, ciwon ƙashi, kumburin ƙafa ko rama ba dalili. A garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa da fadamu an saba danganta fitsarin jini da tsargiya. Ga wanda ya taɓa ciwon daji, wannan zato haɗari ne. Ita kanta tsargiyar da ta daɗe tana haddasa dajin mafitsara, don haka a yi gwajinta, a sha praziquantel idan an same ta, a daina shiga kududdufi.

Mataki na 5: Kare ƙoda

Wanda aka cire wa ƙoda ɗaya ko mafitsara baki ɗaya yana buƙatar gwajin aikin ƙoda da awon hawan jini a kai a kai. Ya guji diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen da ba a san sinadarinsu ba. Idan da yankin hanji aka yi masa sabuwar hanyar fitsari, ana duba bitamin B12 a jininsa duk shekara, a kuma kula da tsabtar fatar da ke kewaye da bakin hanyar, inda ake maƙala jakar tara fitsari.

Mataki na 6: Gyaran halin rayuwa

Taba ce babban sanadin wannan cuta, kuma ci gaba da shanta yana ƙara yiwuwar dawowarta. Barin sigari da shisha wajibi ne. A sha ruwa isasshe, musamman a bazara, sai dai in likita ya ƙayyade. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likitansa tun kafin Ramadan, musamman mai ƙoda ɗaya. Iyali kuma su riƙa tanadin kuɗin gwaji da na mota tun kafin ranar ta zo, domin tsiron da aka gano yana ƙarami ana kankare shi ta bututu, wanda aka bari ya yi nisa kuwa yakan kai ga cire mafitsara.